A Dakata Da Katafila: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Da Kwamitin Ginin Masallacin Juma'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da imani. Allah ya gafarta Malam Liman da na'ibansa. Ina gaishe da shugaban kwamiti da mutanensa, da 'ya'yan garin nan mazauna Kano, Kaduna, Abuja da Ikko, waɗanda suka buɗe aljihu ranar gidauniya. Allah ya mayar muku da ninkin abin da kuka fitar.

Mai wannan takarda tsohon malamin firamare ne a nan ƙasar Gumel, wanda ya ajiye alli bayan shekara 35, kuma jika ne ta wajen uwa ga Sarkin Maginan da ya ɗaura bakan gizon masallacin da ake shirin rushewa. Na faɗa tun da wuri don kada a ce na ɓoye inda zuciyata ta karkata. Sai dai ba da bakina kaɗai nake magana ba. Dattawan magina uku da suka rage mana, malaman islamiyyar dare, matan ajin yaƙi da jahilci, da samarin da ke shirin jarrabawar fita sakandare, su suka ce tunda ni na saba da biro, in rubuta. Na buɗe wasiƙar kowa ya gani ne saboda da yawa cikin waɗanda suka ba da kuɗin ba sa gari, a waya suke jin labarinmu.

Bayan an sallame Juma'ar makon jiya muka ji sanarwa cewa kwamiti ya gama shawara: da an kai amfanin gona gida za a kawo katafila ta share tsohon masallaci, a tayar da sabo na bulo da kankare, mai hasumiya biyu, a daidai wurin. An nuna zanensa a takarda mai sheƙi, aka yi kabbara, aka watse.

Kafin in kawo kuka, bari in ba kwamiti gaskiyarsa. Masallacin ya yi mana kaɗan. Kowace Juma'a sahu yana fita har bakin rumfunan 'yan tireda, da damina mutane su yi sujada a kan buhu. Tsagar da ke bangon arewa ma ba ƙage ba ce, yaro yana iya zura hannu. Kuma babu wanda ya manta da Zariya a watan Agustan 2023, ranar da wani ɓangare na babban masallacin ƙofar fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19, ya rufta kan mutane suna sallar La'asar aka rasa rayuka. Duk wanda ya ga wannan ya tsorata, ba a ga laifinsa ba. Mu ma muna son sabon masallaci. Abin da muka kasa ganewa shi ne don me sai an binne tsohon kafin a haifi sabon.

Kukanmu na farko, ranka ya daɗe, an yanke wa mara lafiya ƙauna ba tare da an kira mai magani ba. Kwamiti ya zauna sau nawa, ba a taɓa aika yaro ya kira ko ɗaya daga cikin maginan nan ba, alhali gidan mafi nisa a cikinsu bai kai tafiyar minti goma daga ƙofar fada ba. Da an tambaye su, da sun faɗi abin da suka faɗa mini a tsaye a gindin bangon. Shekaru goma sha da suka wuce wani bawan Allah, da kyakkyawar niyya, ya biya aka shafe bangon waje da siminti don a huta da yaɓe. Ginin ƙasa kuwa yana shan danshi da damina ne ya fitar da shi da rani, siminti ya toshe masa wannan hanya. Ba ya kuma kama jikin ƙasa da gaske, sai ya ɗago ya bar rata, ruwa ya shiga ta baya ya kwanta inda rana ba ta ganinsa. Ga indararo biyu na arewa sun karye tun bara waccan, ruwan soro yana bin bango maimakon ya zuba nesa. Ga titin da aka yi wa ciko har ya fi gindin masallacin tudu, ruwa ya samu wurin kwana. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to mu namu bangon da hannunmu muka tsaga shi. Maginan sun ɗora tsani sun duba ta ciki, sun ce azara lafiyarta ƙalau, ginshiƙai ba su motsa ba. Ban ce a ɗauki maganarsu ita kaɗai ba. Na ce a ji ta.

Na biyu, abin da katafila za ta kwashe cikin wuni guda, ko kuɗin gidauniyar ya ninka goma ba zai dawo da shi ba. Tubalin masallacin nan ɗaya bayan ɗaya aka mulmula su da hannu, da jar ƙasar kududdufin bayan gari, aka cuɗa da ramno. Azararsa ta giginya ce, wadda gara ba ta ci, aka jera ta hawa-hawa ana ɗaurewa ana yaɓewa har baka ya haɗu da baka a sama ba tare da rodi ko ɗaya ba. Ina ɗan shekara tara nake ɗaukar wa kakana ruwan makuba, wanda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a samu, a kwaɓa da ƙasa a shafe soro don ruwa ya zame. Yakan buga bango da tafin hannu ya kara kunne, daga amon ya san inda ya yi kogo. Yau giginyar fadamarmu ta ƙare, marinar da ake samun katsi a yi laso ta mutu, ƙaramin cikin maginan uku ya haura sittin, 'ya'yansu wasu suna acaɓa wasu suna jera bulo a Dutse. Masallacin nan shi ne littafi na ƙarshe da ya rage da yaro zai ɗaga kai ya karanta yadda ake wannan aiki.

Na san abin da ake faɗa a bayan idonmu: tsofaffi ne masu begen jiya, duniya ta wuce ginin ƙasa. Shi ya sa nake roƙon a ba ni aron kunne in ba da labarin wani gari da wata mata, don ni ma 'yata da ke karatu a Kano ce ta nuna mini hotunan a waya, na bi diddigi har na gamsu.

Garin sunansa Dandaji, a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Hausawa ne irinmu, noman gero suke, zafinsu ma ya fi namu. Suna da tsohon masallacin Juma'a na ƙasa, aikin Alhaji Falke Barmu, gwanin maginin da ya gina masallacin Yama, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Masallacin Dandaji ya tsufa, ya yi wa jama'a kaɗan, aka yi shawarar a rushe a yi na kankare. Kun ji kamar labarinmu ake bayarwa. Sai wata 'yar ƙasar, Mariam Issoufou Kamara, ta shiga tsakani.

An haife ta a 1979 a Faransa, ta girma a Nijar. Da farko ma ba gini ta karanta ba, ilimin kwamfuta ta yi a Amurka, digiri na farko a jami'ar Purdue, na biyu a jami'ar New York, ta yi shekaru tana aiki da shi tana cin albashinta. Ta ajiye, ta koma aji ta karanta zanen gine-gine a jami'ar Washington, ta gama a 2013. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai, kuma sunan da ta raɗa masa kalmarmu ce ta Hausa, Masomi. Kafin Dandaji, ita da abokan aikinta sun gina wasu gidaje shida na bene a Yamai da bulon ƙasa, aka gama a 2016, don nuna wa ma'aikacin birni cewa zai iya zama a gidan ƙasa ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

A Dandaji, ita da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, 'yar asalin Iran, sun ce wa dattawa a bar tsohon masallaci a tsaye, a gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabo a kusa da shi. Aka nemo maginan da suka yi aikin tsohon tun asali aka sa su cikin gyaran. Aka shigar da kantocin littattafai da wuraren zama na ɗalibai, aka yi azuzuwa, har da na manya masu koyon karatu da rubutu. Sabon masallacin yana ɗaukar mutum kusan 1,000, kuma da ƙasar wurin aka gina shi, sai dai ba tubalin hannu ba. Bulo ne da ake zuba ƙasa da ɗan siminti kaɗan a injin matsawa a danne ta har ta yi tauri, ba a ƙona ta, a shanya ta bushe. Kankare da rodi suna nan a inda nauyi ya wajabta su. Tsakanin gine-ginen biyu aka dasa itatuwa, aka yi tafkin ƙarƙashin ƙasa da ke tara ruwan damina ana ba su da rani. Suka sa wa wurin suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza. An gama a 2018. A wannan shekarar ta 2018 kuma ta yi wa garin kasuwa, rumfunan bulon ƙasa kewaye da wata tsohuwar bishiya da ake cin kasuwa a gindinta tun da can, da laimomin ƙarfe masu launi suna ba da inuwa.

Ga wani abin dariya ga masu cewa ƙasa kayan talaka ce. Aikin Dandaji ya ci lambar zinare ta yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, ya ci ta azurfa ta duniya baki ɗaya a 2018, kuma mai ba da kyautar gidauniyar LafargeHolcim ce, wato uwar kamfanin da ke da simintin Ashaka a lokacin. Masu siminti da kansu suka miƙa wa ginin ƙasa kambu.

Daga ƙauyen nan sunanta ya fita. An haɗa ta da David Adjaye, ɗan asalin Ghana da ya zana babban gidan tarihin baƙar fata na birnin Washington, ta yi zama a ƙarƙashinsa tana zanen cibiyar al'adu ta Yamai. Ta karɓi kyautar Yarima Claus ta ƙasar Holan a 2019. Laberiya ta ba ta zanen cibiyar tsohuwar shugabar ƙasa Ellen Johnson Sirleaf a Monrobiya. A Senegal an ba ta zanen gidan tarihi na Bët-bi a yankin Kaolack. Tun 2022 farfesa ce a jami'ar ETH da ke Zurik a Suwizalan, makarantar da Einstein ya yi karatu. 'Ya'yan Turawa suna zaune da littafi da biro tana koya musu abin da maginan ƙauye suka sani, mu kuma muna neman kuɗin hayar katafila. Ba ita kaɗai ba ce. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya fara da gina wa ƙauyensu Gando firamare da bulon ƙasa a 2001, shi ne ɗan Afirka na farko da ya ci kyautar Pritzker a 2022, wadda babu ta sama da ita a wannan fanni. Dabararsa a Gando kowane kafinta zai gane: ya yi silin na bulo mai ƙofofin iska, ya ɗaga kwano can sama a kan ƙarafa ya bar rata, zafi ya riƙa fita iska tana ratsawa.

Wannan ya kawo ni kuka na uku, wato zafi. Zanen da aka nuna mana na gani, kuma na san ɗan uwansa, don akwai irinsa a garin da ke gabas da mu. Ku je can sallar Azahar a watan Afrilu. Bulon siminti mai rami ba ya tare rana, kwano yana sauke ta kan mutane, fankoki goma sha suna rataye babu wuta, dattawa sun koma gindin darbejiya suna bin liman ta lasifika. Kowace Juma'a sai an zagaya da kwano ana tara kuɗin man janareta. Tsohon masallacinmu kuwa, kaurin bangonsa ya sa zafin rana ba ya kai wa ciki sai dare ya yi, sanyin dare kuma ya kwana a jikinsa har hantsi. Kowa a garin nan ya san inda tsofaffi ke fakewa da azumin bazara. Wa zai riƙa biyan kuɗin sanyin da muke samu kyauta? Masu ba da gudummawa za su koma birni, ladan da liman za a bari da fanka.

Sai maganar kuɗi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, kuma kowa ya ga yadda ya tsayar da gine-gine. Masallatai nawa ne a kan hanyar Gumel zuwa Kano suke tsaye a linta, rodi ya yi tsatsa, ciyawa ta fito a mihirabi? Idan muka rushe namu da kaka, kuɗi ya yanke a tsakiya, a ina za mu yi Juma'a da damina mai zuwa? Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari. Ban da haka, kuɗin siminti da rodi da tayil duk a mota za su fita daga garin nan, ɗan kwangila ya zo da leburorinsa. Ƙasa kuwa tamu ce, masu haƙa namu, masu amalanke namu, samarin da ke tafiya cirani Kudu da rani za su samu abin yi a gida.

Akwai tambayar da ta fi kowace nauyi, ba zan kauce mata ba. A ambaliyar 2022 gidajen ƙasa da yawa sun zube a Jigawa, wasu a kan masu su. Na je ta'aziyya, na gani. Amma na lura da inda suka faɗi. Daga gindi ruwa ya ci su, domin an kafa su a ƙasa tsirara ba tushen dutse, a kwari, ba magudana. Bulon ƙasa da aka matse, aka ɗora kan fandisho na dutse da kankare da ya ɗaga sama da inda ruwa ke kaiwa, aka yi masa rufi mai baki da ke kare bango, wani abu ne daban. Ba sai mun tafi Turai neman wannan ilimi ba. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta tarayya ta daɗe tana ƙera injin matsa irin wannan bulo, kuma akwai sashen zanen gine-gine a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello.

Kuka na ƙarshe na yara ne da iyayensu mata. A duk faɗin garin nan babu ɗaki ɗaya da ɗalibi zai zauna ya buɗe littafi cikin natsuwa. Masu shirin jarrabawa a ƙarƙashin fitilar sola ta bakin tasha suke karatu, cikin hayaniyar masu shayi, 'yan mata kuwa ko wannan ba su samu ba. Ajin matan yaƙi da jahilci a zauren wani bawan Allah yake, ranar da ya yi baƙi babu karatu. Littattafan marigayi tsohon Liman, har da na hannu da aka rubuta da tawadar gargajiya, suna cikin adaka gara tana kewaya su. Ga gini mai sanyi a tsakiyar gari, an ce a kwashe shi a zuba a kududdufi.

Hukuncin abin da ya halatta a yi da wurin da aka taɓa waƙafinsa masallaci ba nawa ba ne, na Malam Liman ne da malamai, kuma duk abin da suka faɗa shi za mu bi. Iyakata in tuna cewa masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da tubalin ƙasa aka gina shi a Madina, ginshiƙansa kututturen dabino, kuma a cikinsa aka yi karatu. Idan malamai suka ga a ci gaba da salloli biyar a tsohon, a riƙa karatu tsakanin salla da salla, Juma'a ta koma sabon, mu hakan ma ya yi mana.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo. A dakatar da katafila har sai an duba ginin. A rubuta wa ɗaya daga cikin jami'o'in nan biyu a nemi injiniya da masanin zanen gini su zo, su hau tsani tare da maginanmu, su rubuta abin da suka gani a karanta wa jama'a bayan Juma'a. Idan suka ce ginin ba ya gyaruwa kuma yana barazana ga rai, ni zan fara ɗaukar diga. Kafin su zo, a killace sahun da ke jikin bangon arewa da igiya, a sa sababbin indararo, a fasa wa ruwan titi hanya. Wannan aikin kwana biyu ne, kuɗinsa bai kai na ɗan akuya uku ba.

Muna roƙon a kafa sabon masallaci a filin tsohuwar kara da ke kudu da tsohon, wanda ba kowa a kansa sai jakuna, don kada a taɓa gidan kowa balle a shiga rigimar diyya. A sa mai zanen ya kawo lissafi biyu, na bulon siminti da na bulon ƙasa matsattse, kowanne da kuɗin wuta da gyaransa na shekara goma, a ajiye su gefe da gefe masu ba da kuɗi su gani. A ba magina kujera ɗaya a kwamiti, a ba mata ɗaya. A ware wani abu daga gidauniyar, ko yaya yake, don a ɓamɓare simintin da aka shafa, a mayar da yaɓe da makuba, a kuma sa ranar gayyar yaɓe duk shekara bayan girbi kamar yadda mutanen Jenne a Mali suke yi wa nasu masallacin. Kowane magini a haɗa shi da samari biyu ko uku a wajen aikin, a biya su, su koya.

Idan kuma kwamiti yana ganin hotunan waya ba hujja ba ne, gani ya kori ji. Fataken shanu daga Nijar suna sauka kasuwar Maigatari kowace Alhamis, hanyar Tawa ba baƙuwa ba ce a wurinsu. A tashi mutum uku, ɗaya daga kwamiti, ɗaya daga malamai, ɗaya daga magina, su je Dandaji su yi Juma'a ɗaya su dawo su ba da labari. Kuɗin motar maginin ni zan biya daga fanshona.

Dattawan uku sun ce in shaida maka cewa ranar Asabar da hantsi suna gindin bangon arewa da tsaninsu, in Allah ya kai mu, ko kwamiti zai turo wanda zai hau ya gani da idonsa.

Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ba kwamiti ladan wahalarsa. In na yi kuskure a lafazi, a yafe wa tsufa.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Tsohon malamin firamare, a madadin magina, malaman islamiyya, iyaye mata da ɗaliban garinmu.